Ɗan Takarar Ƙaramar Jam'iyya: Ina Lissafin Yake?

Duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, sai an samu wani ɗan takara da ba na manyan jam'iyyu ba wanda matasa za su ɗauka a ka. A ɗakunan kwananmu da wajen masu shayi zance ɗaya ne: "Wallahi wannan karon sai shi, ba ka ga taronsa ba?" To, jama'a, taro daban, ƙuri'a daban. Kafin mu ɓata da abokai a kan gardama, mu duba abin da doka ta ce.

Da farko dai babu takarar indifenda a Najeriya, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. Sannan sashe na 134 na tsarin mulki bai tsaya ga yawan ƙuri'a ba. Ban da rinjaye, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24. Nan ne gizo ke saƙar.

A 2023 Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi, amma 997,279 daga ciki na Kano ne, kuma Kano kaɗai ta ba shi wannan kashi 25 ɗin. Peter Obi na LP ya fi shi tashi: sama da miliyan shida, ya ci Abuja, ya ci Legas a gidan Tinubu. Amma a Sakkwato fa? Ƙuri'arsa ba ta kai dubu bakwai ba, alhali PDP da APC kowacce ta haura 280,000. Wanda ya yi ta kallon Facebook a lokacin zai rantse an gama, ya manta tsohuwar da ke ƙauyen Gwadabawa ba ta san da wannan hayaniyar ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wakilai. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan. A ce kowace rumfa wakili ɗaya, a ba shi naira dubu goma kacal na mota da abinci, kuɗin sun haura biliyan ɗaya da miliyan ɗari bakwai, ba a yi maganar fosta ba. Rumfar da ba ka da mai sa hannu a takardar sakamako kuwa, sai abin da aka faɗa maka. Shi kansa Buhari, da duk farin jininsa a Arewa, sau uku yana faɗuwa. A 2011 ya samu sama da miliyan 12 a CPC, bai kai ba, sai da aka yi haɗakar APC a 2013.

Mu 'yan Illela muna da misali a bayan gida, tunda Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce. A Nijar, kafin 2023, in babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a je zagaye na biyu, kuma wannan ƙofa ce babba ga ƙaramin ɗan takara. A 1993 Tanja Mamadu na MNSD, jam'iyyar da ta gaji mulki, shi ya zo na ɗaya a zagayen farko. Mahaman Usman na CDS-Rahama, mutumin Damagaram, ya zo na biyu. Sauran 'yan adawa suka mara masa baya, ciki har da Mahamadu Isufu (shi ma ɗan wata Illela ne, ta jihar Tawa, ba tamu ba), ya ci da kusan kashi 54. A Najeriya ma akwai zagaye na biyu a doka, sai dai ba a taɓa kaiwa gare shi a zaɓen shugaban ƙasa ba.

Don haka ni a ganina, in aka kawo maka sabon ɗan takara, kar ka tambayi yawan mabiyansa a intanet. Ka ce a lissafa maka jihohi 24 ɗin da sunayensu, a kuma faɗa maka wa ke riƙe masa mazaɓar Kalmalo ko Araba. In an fara kame-kame, ka samu amsarka. In kuma haɗaka ce dabarar, a tuna ta Mahaman Usman ba ta yi ƙarko ba: Isufu ya ajiye muƙamin firaminista a 1994, rikici ya dabaibaye gwamnati, a Janairun 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da ita.