Jamborin 'Yan Sikawut na Amurka da Ce-ce-ku-cen da Ke Biye da Shi

Jambori shi ne sunan da 'yan sikawut suke kiran babban taronsu, inda dubban matasa kan kafa tantuna a fili guda, su shafe kimanin kwana goma suna koyon dabarun zaman daji da hawan duwatsu da tuƙa kwalekwale, da yamma kuma su baje bajo-bajonsu a kan bargo suna musaya. A Amurka an shirya na farko a 1935, amma ɓarkewar cutar shan inna ta sa aka soke shi, sai a 1937 aka gudanar da shi a birnin Washington, daga baya kuma aka saba yin sa duk bayan shekara huɗu.

Mafi yawan rigingimun taron sun samo asali ne daga kusancinsa da hukuma. Daga 1981 zuwa 2010 ana yin sa ne a barikin soja na Fort A.P. Hill da ke jihar Virginia, inda ma'aikatar tsaro kan kashe miliyoyin daloli wajen hidimarsa, alhali ƙungiyar 'yan sikawut da ke shirya shi tana wajabta wa membobinta rantsuwar yi wa Allah biyayya, ba ta kuma karɓar wanda bai yarda da samuwarsa ba. Wasu masu biyan haraji suka kai ƙara cewa tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar nauyin harkar addini, suka yi nasara a 2005, sai dai kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2007 bisa hujjar cewa ba su da hurumin shigar da ƙarar. A taron 2005 ɗin ne shugabanni huɗu daga Alaska suka mutu lokacin da dirkar tantin da suke kafawa ta taɓa wayar lantarki, sannan zafin rana ya jikkata kimanin mutum 300 da suka zauna jiran Shugaba George W. Bush.

Da aka koma filin ƙungiyar na dindindin a tsaunukan West Virginia a 2013, an hana halarta ga duk wanda ma'aunin ƙibarsa, wato lissafin nauyinsa a kan tsayinsa, ya kai 40, dokar da wasu suka ga ta kori yaran da suka fi buƙatar motsa jiki.

Babbar ƙurar ta tashi ne a watan Yulin 2017. Bisa al'ada shugaban ƙasa mai ci ne shugaban girmamawa na ƙungiyar, don haka aka gayyaci Donald Trump, wanda ya tsaya gaban taro mai kusan mutum 40,000, galibinsu yara, ya caccaki Barack Obama da Hillary Clinton da 'yan jarida tamkar yana kan dandalin yaƙin neman zaɓe. Iyaye da dama suka fusata, kuma suna da hujja, domin ƙungiyar ta daɗe tana cewa ba ruwanta da siyasar jam'iyya, ko da yake wanda ya shimfiɗa wa ɗan siyasa tabarma bai kamata ya yi mamakin abin da zai fito daga bakinsa ba. Bayan kwana uku babban jami'in ƙungiyar na lokacin, Michael Surbaugh, ya fito ya nemi afuwa. Trump kuwa cewa ya yi shugaban 'yan sikawut ya buga masa waya yana yaba jawabin, ƙungiyar ta ce ba ta san da wannan kira ba, daga bisani Fadar White House ta amince cewa ba a yi wayar ba.