Harshen Da Kwamfuta Ba Ta Karɓa Sai Da Ladabi

Masu sana'ar rubuta wa kwamfuta umarni sun daɗe suna mafarkin samun harshe ɗaya tak wanda zai wadatar da kowa. A 1964 kamfanin IBM ya fito da PL/I, da niyyar ya haɗe aikin FORTRAN na masana lissafi da na COBOL na bankuna da 'yan kasuwa. Bai kori ko ɗaya ba, don har yanzu COBOL na aiki a bankuna. Ita ma Ma'aikatar Tsaro ta Amurka, da harsunanta suka haura 400, sai ta sa aka tsara mata Ada, aka tabbatar da shi a 1983. Cunkoson nata ya ragu, amma sauran duniya kowa ya ci gaba da nasa.

To, ana cikin wannan fafutuka ne, a 1972, waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Princeton, watau Don Woods da James Lyon, suka shirya wa manyansu shaƙiyanci. Suka ƙago wani harshe mai suna INTERCAL, bisa sharaɗin kada ya yi kama da wani harshe da aka sani. A cikinsa akwai umarnin da ke ce wa injin ya manta, akwai mai ce masa ya ƙaurace wa aiki, kuma ana rufe aikin ne da GIVE UP, watau a haƙura.

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne kalmar PLEASE, watau "don Allah". In mutum ya sa ta a ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na umarninsa, sai a ƙi aikin, wai ba shi da ladabi. In kuwa ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sai a sake ƙi, wai ladabin ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa kwana yana neman waƙafi ɗaya da ya hana aikinsa tafiya, ya san inda wannan ba'a ta dosa: ƙa'idar da injin ke cijewa a kanta, mutum ne ya ƙaga ta, kuma ba kullum take da dalili ba.

Akwai kuma rigimar GO TO, umarnin da ke ce wa injin ya tsallaka zuwa wani layi. A 1968 Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, ya rubuta wasiƙa yana sukarsa, aka yi ta cacar baki shekara da shekaru. A 1973 sai R. Lawrence Clark ya kawo "sulhu" a mujallar Datamation: a daina cewa "je ka can", a koma cewa COME FROM, watau "taho daga can". Wannan ya fi na farkon rikitarwa nesa ba kusa ba. Da Eric Raymond ya farfaɗo da INTERCAL a 1990, sai ya cusa umarnin a ciki, ya zama yana aiki da gaske.

A 1992 aka gwada saurinsa a kan wani lissafi. Harshen C ya gama cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. INTERCAL kuwa sai da ya shafe sama da awa 17.