Kallo Kyauta Ne A Kasuwar Kurmi

Yau mayafi za mu yafa mu ɗan taka zuwa cikin birni, domin akwai wani wurin kallo da na ga da yawa daga cikinmu mun yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa ko sisi ba a biya kafin a shiga.

A manyan biranen duniya akan keɓe ɗaki musamman a jera zane-zane da sauran ayyukan hannu, mutane su riƙa zuwa suna kallo suna ƙaruwa. Wani ɗakin sai an yanki tikiti, wani kuma kyauta ne. To mu nan Kano namu ɗakin nunin yana cikin Kasuwar Kurmi, a 'yan rumfunan masu sana'ar hannu. Rumfar ba ta fi ɗan ƙaramin shago ba, amma tun daga ƙasa har rufi aikin hannu ne a jere: fata, ɗinki, saƙa, ƙira, sassaƙa da zayyana. Babu mai gadi a ƙofa, babu tikiti. Sallama kawai za ki yi.

Bari mu fara da hanya. Idan kika shigo ta Ƙofar Nassarawa, miƙe titin da zai kai ki fada. Kafin ki wuce, ga Gidan Makama nan daura da Gidan Sarki. Tsohon gini ne tun na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne, inda za ki ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. Shi wannan akan biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga nan ki wuce Babban Masallacin Juma'a ki nausa cikin gari. In da yara a hannunki, ki tari a-daidaita-sahu ki ce Kurmi, babu direban da bai san ta ba.

Kafin ki sa ƙafa, ya kamata ki san inda za ki shiga. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa wannan kasuwa a bakin Jakara, wurin da a da kurmi ne na itatuwa, abin da ya sa sunan ya bi ta. Kin ga ke nan ta haura shekara 500 tana ci. A da, ta nan ayarin raƙuma ke sauke gishiri da alharini da takarda daga hamada, ta nan fatake ke ɗaura kaya su nufi Gwanja su dawo da goro. Larabawan da suka zo fatauci daga Gadamas da Tarabulus sun zauna kusa da ita, shi ya sa har gobe muke da unguwannin Dandalin Turawa da Alfindiki. Wannan “Turawa” kuwa Larabawa ake nufi, tun kafin zuwan Nasara. Kuma kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu, an sayar da bayi a wannan kasuwa, sai bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 aka rufe wannan ɓangare. Tarihi da daɗinsa da ɗacinsa ake faɗa.

Wani Baturen Ingila mai suna Kilafaton ya zo Kano a 1824, ya rubuta abin da ya ba shi mamaki game da amanar 'yan kasuwar. Ya ce duk rigar ko turkuɗin da aka saya, akan rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin. Ko Barno aka kai kaya, in aka kwance aka tarar da aibi, sai a maido su Kano, dillali ya nemo mai kayan a biya. A 1851 kuma Bajamushen nan Bat, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo ya tarar tufafin da ake saƙawa a rina a Kano suna kai wa har Tambutu da Tarabulus. To wa yake kaɗa zaren da ake wannan saƙa? Kakanninmu mata ne, a tsakar gida, da mazari da alli. Su suke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa, sannan masaƙi ya karɓa. Arzikin da Kano ta yi suna da shi, da hannun mace a gindinsa.

Yanzu me za ki kalla? Fara da layin dukawa. Ga alabe, ga gafakar Alƙur'ani, ga tum-tum, ga takalma, ga kube. Ki duba yadda baduku yake yanka siririyar fata mai launi ya saƙa ta cikin wata, ko ya ɓare fuskar fatar da wuƙa har zane ya fito. Kafin fatar ta zo hannunsa ta bi ta majema, inda ake jeme ta da bagaruwa, jan launin nan na asali kuwa daga karan dafi ake samunsa. Irin wannan jar fatar akuya ta ƙasar Kano da Sakkwato ita ce aka riƙa ƙetarawa da ita hamada, ta shiga Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Mu da aiki, wasu da suna.

Kusa da nan za ki ga kayan doki: sirdi, linzami, likkafa, jalala da sauran adon da kike hangowa daga nesa ranar Hawan Sallah ko Hawan Daushe. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. Kin ga yaron da ya saba ganin kayan nan a jikin doki a guje, yau ga shi ga su, zai ga kowane ɗinki da idonsa.

Sai rumfar riguna da huluna. Ki roƙi mai rumfa ya buɗe miki babbar riga ɗaya ta aikin hannu. Waɗannan dogayen tsinin da suka sauko daga wuya, su ake kira aska. In biyu ne aska biyu, in takwas ne aska takwas. Zagayen nan da ke gefen ƙirji da kuma baya shi ne tambari. Ki tambaya a nuna miki bambancin saƙi da tsamiya da barage. Riga ɗaya takan ci watanni a hannun maɗinki. Irin waɗannan riguna namu suna nan a babban gidan tarihin Ingila da ke Landan, ana tattalinsu kamar ƙwai. A Kurmi kuwa za ki riƙe a hannunki, ki juya ciki da bai. Huluna kuma, da ƙube da damanga da sauransu, ai ba sai na faɗa miki masu ɗinka da yawa daga cikinsu ba. Wataƙila ma ke mai karanta wannan kina da wata rabin ɗinki a cikin kwando.

Kada ki wuce 'yan faifai da ƙore. Faifan nan mai launi-launi mace ce ta zauna ta naɗa shi zagaye bayan zagaye, babu takarda babu ma'auni, lissafin duk yana kanta. Ƙwarya kuma ki duba sassaƙar bayanta, wata da wuƙa aka fere, wata da ƙarfe mai zafi aka ƙona. Ga tandun kwalli, ga jigida da murjani da tsakiya, ga munduwa da zobban azurfa na maƙeran fari. Daga ƙarshe ki tsaya wurin allunan zayyana, irin wanda ake yi wa yaro ko yarinya ranar sauka. Da alƙalamin kara da tawada kawai mai zayyana yake fitar da wannan ado, layi bai hau layi ba.

'Yar uwa, in kin lura, wannan abu ba baƙonmu ba ne. Mene ne jeren ɗakin amarya in ba nunin kayan ado ba? Kakanninmu da ƙore suka yi jere, iyayenmu suka yi da tasoshi da kwalla da samira, mu muka zo da tangaran a kabet. Ranar jere mata sukan cika ɗaki, wannan ta ce a matsar da wancan, waccan ta ce launin nan bai hau da wannan ba. Idon da ya iya wannan ai ya iya kallon aikin gwani.

To ta yaya za ki gane aikin hannu na gaske? Ga 'yan alamu. In ɗinki ne, juya cikinsa. Na hannu za ki ga ƙulli nan da can, taku bai zama daidai-wa-daida ba. Na keke ko na inji kuwa sumul yake kamar an buga hatimi. In fata ce, shinshina. Fatar da aka jeme tana da ƙanshinta, roba kuwa warin roba take yi, kuma ba ta jimawa take ɓarewa. In rinin baba ne irin na marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta tun 1498, sabonsa yakan ɗan bar shuɗi a hannu, ƙyallin da kike gani kuma na bugu ne, ba na sitaci ba. In kuma kin yi shakka, ki tambaya kai tsaye: “Baba, wannan a ina aka yi shi?” Dattawan kasuwar suna jin daɗin mai tambaya.

Kallo kyauta ne, amma yana da ladubbansa. Na farko, ki nemi izinin maigida, in da hali ma ku tafi tare, ko ki nemi 'yar rakiya. Na biyu, ki yi sallama ki gaisa, sannan ki faɗi gaskiya tun farko: “Kallo muka zo yi da yara, Allah ya kawo kasuwa.” Wannan ya fi ki sa bawan Allah ya sauke rabin rumfarsa sannan ki juya. Na uku, kada ki taya abin da ba ki da niyyar saye. In kika taya ya ce albarka, babu laifi. Amma in ya ce ya sallama, magana ta hau kanki. Na huɗu, kada ki ɗaga waya ki hau ɗaukar hoto sai kin nemi izini, na kaya ne ko na mutum. Na biyar, allon da ke ɗauke da ayoyi a girmama shi, kada a bar yara su yi wasa da shi.

Lokaci mafi daɗi shi ne hantsi, an buɗe rumfuna, rana ba ta take ba. Ki kauce wa lokacin sallar Juma'a, ki kuma sani cewa da damina lungunan kan yi caɓi, musamman ta wajen Jakara, saboda haka a sa takalmin da ya dace. Lungunan matsattsu ne, ga masu baro ga 'yan dako, sai a riƙe hannun yara da kyau, jaka kuma a gaba.

Me ya sa na dage a kan wannan ziyara? Saboda abin yana neman ƙwace mana. Kayan roba da yadin waje masu araha sun cika kasuwa, ciniki mai ƙarfi ya koma Kantin Kwari da Sabon Gari. In kin shiga layin masu aikin hannu, ki ƙirga furfura ki ƙirga samari, za ki gane abin da nake nufi. Sana'ar hannu ba a littafi take ba, a yatsu take. Ranar da gwani ya kwanta dama ba tare da ya koya wa wani ba, ta bi shi ke nan. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano da Dutsen Dala da Gidan Sarki da ita Kasuwar Kurmi cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Amma takardar hukuma ba ta ciyar da baduku. Mai saye ne yake ciyar da shi.

Mu kuwa mata mu ne masu sayayyar gida. Mu ke haɗa kayan ɗaki, mu ke zaɓar tsaraba da gudummawar biki. In kowace uwa ta sa faifai biyu na hannu da tum-tum ɗaya cikin kayan 'yarta, rumfuna nawa za su rayu? Ke kuma mai ɗinkin hula ko saƙar faifai a cikin gida, wannan ziyara ta fi yi miki amfani. Je ki ga nawa ake sayar da irin aikinki a rumfa, ki kwatanta da abin da ake miƙo miki ta hannun ɗan aike. Ki ga launin da ake yayi, ki ga inda wasu suka fi ki. Wadda ta san darajar aikinta ba a yi mata tayin wulaƙanci.

Ga ɗan aikin gida. A hutun makaranta mai zuwa, ki ware hantsi ɗaya ki kai yara. Kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya da ya fi burge shi, ya tambayi sunansa da abin da aka yi shi da shi. In kun dawo, a ba shi takarda da fensir ya zana, sannan a kai wa kaka ta faɗi yadda suke amfani da shi a zamaninsu. Za ki sha mamakin hirar da za ta ɓarke a tsakar gidan nan. In kuma da ɗan canji a bakin zane, a sayi ko da ludayi ne, don a faranta wa mai rumfa. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.

A nan za mu dasa aya. Allah ya yi wa sana'o'inmu albarka, ya shirya mana zuriya, ya bar mu da mazajenmu lafiya. Sai Allah ya sake sada mu. Wassalamu alaikum.