Lambar IP: gari take nunawa, ba ƙofar gida ba

Akwai 'yar manhajar da ake ɗora wa kwamfuta, da ka danna sai ta nuna lambar IP ɗinka, wato adireshinka a intanet, da garin da take zaton kana ciki. Zato ne fa. Lambar ta kamfanin layinka ce, sau da yawa ma mutane da dama ke amfani da guda ɗaya. Shi ya sa kana Tamale sai ta ce kana Accra.

Kullum ina gaya wa ɗalibaina: wanda ya turo lambarka yana barazanar ya san gidanku, sai an biya shi, kar a ba shi ko sisi. Amfanin manhajar shi ne, in ka kunna VPN ka duba ta. Idan lambar ba ta canja ba, to bai yi aiki ba.