Sauke mota ƙasa: lissafin sifirin kafin a hau hanyar Gozaki

Duk wanda ke yawan leƙa TikTok ko Instagram ya sha cin karo da su: ƙananan motoci da aka sauke ƙasa har taya ta kusa ɓuya cikin bodi, rim yana sheƙi, mota tana tafiya kamar an manna ta da kwalta. Wannan ado ya shiga ran matasa da dama a Arewa, musamman masu Golf 3, Corolla da Civic. Shafukan sayayya irin su Jiji da AliExpress kuma sun sa gajeren sifirin ya zo kusa, waya kaɗai ake buƙata.

Sai dai a Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Kafur a kudancin Jihar Katsina, abin da ake gani a tasha ya sha bamban da na bidiyo. Yanki ne na masara, dawa, waken suya da auduga, kuma da kaka ta yi, motar da ke ɗaukar fasinja ita ce ke kai buhuna kasuwannin Malumfashi da Funtua. Direbobin haya ɗaga bayan mota suke yi da sifirin mai kauri don kada ta zauna a kan taya. Mai ɗagawa da mai saukewa lamba ɗaya suke taɓawa, ko sun sani ko ba su sani ba: ƙarfin sifirin.

Ƙarfin sifirin shi ne nauyin da ake buƙata kafin ya lotsa da milimita ɗaya. Ƙa'idar tsohuwa ce, masanin Ingila Robert Hooke ya wallafa ta tun 1678: gwargwadon nauyi, gwargwadon lotsawa. Inda ake rikicewa shi ne ma'auni. Kamfanonin Turai suna rubuta N/mm, na Japan kg/mm, na Amurka kuma lb/in. Kilo 1 a kan milimita ya yi daidai da kusan 9.8 N/mm, ko 56 lb/in. Saboda haka tallar da ta ce 140 da wadda ta ce 2.5 suna iya zama sifirin ɗaya, kalkuletar waya ta isa ta warware wannan. Ƙananan motoci na gida galibi suna fitowa daga kamfani da sifirin da ke tsakanin 20 zuwa 30 N/mm, wato kilo 2 zuwa 3.

A ɗauki misali. Mota tana da sifirin biyu a baya, kowanne kilo 2.5 a kan milimita, haɗe kilo 5 ke nan. Buhun masara mai kilo 100 a saman ƙafafun baya zai saukar da ita santimita 2. Buhu huɗu, santimita 8. Idan tazarar da ƙafa ke da ita kafin ta daki robar tsayawa da ke jikin shokazoba santimita 8 ce, to buhu huɗu sun cinye ta tas. Yanzu a ce an sauke motar da santimita 4 ba tare da ƙara ƙarfin sifirin ba: saura santimita 4, buhu biyu ko manyan mutane uku a kujerar baya sun kusa gamawa da ita. Daga nan duk ramin da aka faɗa, ƙarfen mota ne ke karɓar dukan kai tsaye. Kafin motar ta iya ɗaukar kayan da take ɗauka a da, sai an ninka ƙarfin sifirin sau biyu, kuma mota mai irin wannan tauri a kan hanyar burji mai ƙunya-ƙunya wahala ce ga baya da ƙoda.

Wahalar ba ta tsaya ga jiki ba. Aikin sifirin shi ne ya riƙe taya a ƙasa. A kan kwalta mai santsi, sifirin mai tauri yana rage kwanciyar mota a kwana, shi ya sa masu tsere ke son sa. A kan tsakuwa da ramuka kuwa taya tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta jin sitiyari. Motar da ta fi riƙe hanya a titin Jamus tana iya zama wadda ta fi zamewa a hanyar gona bayan ruwan Agusta.

Akwai kuma batun tazara da ƙasa. Yawancin waɗannan motoci ba su wuce santimita 15 sosai ba ko babu kowa a ciki. A cire 4, a zuba mutane biyar, sai a tuna da tudun rage gudu da ake zubawa a bakin kusan kowane gari, da kuma tsakiyar hanyar ƙasa da ke tasowa idan manyan motoci sun ƙwaƙule gefe da gefe da damina. Abin da ke fara gaisawa da ƙasa shi ne kwanon man inji da salansa. Kwanon ya fashe ba a lura ba, man ya tsiyaye, inji ya buga, kuɗin gyaran ya ninka na sifirin sau da yawa. Kamfanonin mota ma sun san haka: Volkswagen yana da tsarin ƙafa na musamman don ƙasashe masu munanan hanyoyi, kuma ɗaga motar yake yi da kusan santimita 2.

Hanyar da aka fi bi don araha ita ce a kai mota gareji a yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin. Mutane da yawa ba su san yankan yana ƙara masa tauri ba. Sifirin mai zagaye 8 masu aiki, idan aka cire ɗaya, ƙarfinsa yana ƙaruwa da kusan kashi 14 cikin ɗari. Ƙarin bai kai ya rama tazarar da aka rasa ba, ga shi bakin da aka yanke ba ya zama daidai a kujerarsa, kuma idan ƙafa ta sake a kan tudu yana iya gocewa. Mafi muni shi ne gasa shi da wutar walda har ya zauna. Zafi yana kashe ƙwarin ƙarfen, sai ya ci gaba da lotsawa, kowane gefe da irin tsayinsa, wata rana ya karye.

Kaurin waya ma abin lura ne ga mai zaɓen na hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Ido ba ya bambanta waya mai milimita 12 da mai 13, amma idan sauran komai ɗaya ne, mai 13 ya fi tauri da kusan kashi 38 cikin ɗari. Don haka ne sifirin da aka ciro daga doguwar Golf ko mai injin dizal ba ya zama ɗaya da na gajeruwa mai fetur, ko da sun shiga gurbi ɗaya.

Wanda duk da haka ya ƙudura sai ya sauke, zai fi masa ya fara da awo. A tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, a auna daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi, a ɗora buhun taki ko siminti guda biyu masu kilo 50 daidai saman ƙafafun baya, a girgiza motar kaɗan, a sake aunawa. A raba 100 da milimitar da ta sauka, sannan a raba biyu, an sami kimanin ƙarfin kowane gefe. Lambar ba ta kai ta injiniya ba, amma ta isa a gane ko abin da ake shirin saye ya fi laushi ko tauri. Sau tari ma awon yana nuna cewa tsohon sifirin ya riga ya gaji, motar ta sauka da kanta tun tuni.

Kamfanoni sanannu irin su Eibach da H&R, dukansu na Jamus, suna ƙera sifirin don kowace mota daban, kuma na amfanin yau da kullum galibi saukarwar santimita 2.5 zuwa 4 yake yi. Da yawa daga cikinsu irin masu ƙara tauri ne yayin da suke lotsawa, ana gane su da zagayen da ke matse a gefe ɗaya, a buɗe a ɗaya gefen. Irin wannan ya fi dacewa da motar da yau mutum ɗaya ne a ciki, gobe biyar da kaya. Takardar da ke zuwa da na asali tana faɗin iyakar nauyin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka, sai a kwatanta da ɗan farantin ƙarfe ko sitika da ke jikin motar. Tallar da ba ta ambaci samfurin mota da shekara ba, sai launi da hoto, a wuce ta kawai.

Kuɗin kuma ba ya ƙarewa a sifirin. Tsohon shokazoba ba ya iya tsayar da mai tauri, mota sai ta riƙa lilo bayan kowane tudu, kuma yana saurin zubar da mai saboda yana aiki a ƙarshen tafiyarsa. Saukewa tana canza kusurwar ƙafafun gaba, idan ba a je an daidaita su a na'ura ba, taya za ta ci ta ciki cikin 'yan watanni. Fitilun gaba ma sai an sake saita su.

Ga motar da ba ta barin kwaltar cikin Funtua ko Katsina, santimita 2.5 da sifirin na kirki da sabon shokazoba abu ne mai yiwuwa. Motar da za ta shiga Gozaki da damina, ta fito da masara a watan Nuwamba, sabon sifirin mai tsayin asali ya fi mata, adon kuwa a nemo shi a rim da fenti.