Funfuna da Tukar Rake

Duk wanda ya taɓa shan rake ya san tuka, wato abin da ake tofarwa bayan an tsotse ruwan. A masana'antar sukari ma haka abin yake, sai dai tukar can tsibi-tsibi ce, domin kowane tan ɗaya na rake yakan bar kimanin kilo 280. A Burazil da Indiya, ƙasashen da suka fi noman rake a duniya, akan ƙone mafi yawanta don samar da tururi da wutar lantarki.

To amma tukar nan ba ta rabu da sukari ba. Kimanin kashi 40 cikin 100 na busasshiyarta wani zare ne da ake kira selulos, wanda ƙwayoyin sukarin gulukos ne a jere, ɗaure da juna kamar 'ya'yan carbi. Wani abu mai tauri, lignin, shi ya lulluɓe zaren. Saboda haka ba ta da zaƙi, kuma cikin ɗan Adam ba ya narkar da ita.

Abin da ya gagari mutum bai gagari funfuna ba. Da yake ba ta da baki, sai ta tsatso da wasu sinadarai da ake kira inzayim, su tsinka zaren gunduwa-gunduwa har ya koma gulukos, sannan ta tsotse. Wadda ta fi shahara a wannan aiki ita ce Trichoderma reesei. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka gano ta a Tsibiran Solomon, inda ta riƙa ruɓar da tantunan auduga na sojojin Amurka. Akan haɗa inzayim ɗinta da na baƙar funfuna, Aspergillus niger, wadda ta fi ta gwanintar ƙarasa tsinkar.

A masana'anta, da farko akan dafa tukar da tururi ko ruwan asid don lignin ya saki. Daga nan a zuba inzayim, a sa yis ya mayar da sukarin itanol, wato man da ake garwayawa da fetur. A shekarar 2014 aka fara wannan aiki don kasuwa a jihar Alagoas ta Burazil.

Babban cikas shi ne tsadar inzayim. Shi ya sa masana suke renon funfunar a kan ita kanta tukar, domin abincinta ya zo da araha. In farashin ya sauko, tukar da ake tarawa a wurare irin su Numan a jihar Adamawa za ta tashi daga makamashin tukunya ta zama man mota.