Waɗanda Suka Taka Hoton: Littafin Endo da Fim ɗin Scorsese

A shekarar 1966 wani marubucin Japan mai suna Shusaku Endo ya fitar da littafin da ya raɗa wa suna Chinmoku, wato Shiru. Ɗan Katolika ne a ƙasar da Kiristoci kusan kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari. Shekara hamsin cif bayan haka, a 2016, Martin Scorsese ya mai da labarin fim mai suna Silence. Na karanta littafin, na kalli fim ɗin, kuma babu wani aikin adabi da ya taɓa matsa wa bangaskiyata lamba kamarsu.

Labarin ƙirƙira ne, amma a kan tarihi aka gina shi. Francis Xavier ya sauka a Kagoshima a 1549, bishara ta bazu har masana tarihi suna ƙiyasin masu bi sun kai kimanin dubu ɗari uku. Daga nan al'amura suka juya. A 1597 aka gicciye mutum 26 a Nagasaki, a 1614 kuma gwamnatin Tokugawa ta haramta addinin ɗungurungum. Da mahukunta suka lura kisa ƙara wa masu bi ƙarfin zuciya yake yi, sai suka sake dabara, suka koma neman ridda. Akan rataye mutum kai ƙasa a cikin rami, a tsaga masa bayan kunne don jini ya riƙa ɗiga, kada ya mutu da wuri. Mai son tsira sai ya sa ƙafa ya taka fumi-e, wani faranti mai ɗauke da siffar Yesu ko ta Maryamu. A 1633 Cristóvão Ferreira, shugaban 'yan Jesuit a ƙasar, ya karaya bayan 'yan sa'o'i a wannan rami.

Daga nan Endo ya ɗauko zarensa. Wani matashin firist daga Fotugal, Rodrigues, ya shiga Japan a ɓoye don neman malaminsa Ferreira, zuciyarsa cike da burin mutuwar shahada. Aka kama shi, amma ba a taɓa lafiyarsa ba. Wani dare a kurkuku ya ji ƙarar da ya ɗauka munsharin mai gadi ne, ashe nishin talakawan da ke rataye a rami ne. Sun riga sun yi ridda da bakinsu, amma ba za a sauke su ba sai shi ya taka. A nan ne Almasihun da ya yi shiru tun farkon labarin ya yi magana, ya ba shi izini. Ya taka, zakara ya yi cara.

Wannan izini bai kwanta mini a rai ba, kuma ba na jin ya kamata ya kwanta wa kowane mai bi da sauƙi. Yesu ya yi kashedi a fili game da wanda ya yi musunsa a gaban mutane, kuma jinin waɗanda suka mutu a Nagasaki ba a banza ya zuba ba. Shi ya sa wasu shugabannin Katolika a Japan suka ƙi littafin lokacin da ya fito. Sai dai carar zakaran nan tana mai da mu ga Bitrus, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, kuma shi ne aka damƙa wa kiwon tumaki bayan tashin Almasihu daga matattu.

A ganina zuciyar littafin tana wurin Kichijiro, mashayi, matsoraci, wanda ya taka hoton sau da yawa, ya sayar da Rodrigues a kan kuɗin azurfa, amma kullum sai ya dawo yana rarrafe yana roƙon a saurari furcin zunubansa. Kukansa shi ne an halicce shi rarrauna, kuma da a zamanin zaman lafiya aka haife shi, da ya mutu Kirista nagari ba wanda ya san rauninsa. Wannan magana ta shafi yawancinmu da muke cika majami'u ranar Lahadi, ba a taɓa ɗora mana wuƙa a wuya ba.

Tarihi ma ya ba Endo gaskiya. Haramcin bai kau ba sai 1873, amma a watan Maris na 1865 wasu ƙauyawa daga Urakami suka shiga cocin Oura a Nagasaki, suka raɗa wa Fada Bernard Petitjean cewa imaninsu da nasa ɗaya ne. Sama da shekara ɗari biyu ba su ga firist ba. Su waye kakanninsu? Mutanen da kowace shekara suke bin layi su taka hoton a gaban hukuma, su koma gida su yi addu'ar tuba, su yi wa 'ya'yansu baftisma a ɓoye.

Scorsese ya yi wa littafin adalci. Ya ɗauki fim ɗin a Taiwan, ya rage kiɗa matuƙa, ya bar kukan ƙwari da rugugin teku su cika kunnen mai kallo, kuma Yosuke Kubozuka ya fito da Kichijiro yadda tausayi da ƙyama za su kama ka lokaci guda. Inda na saɓa da shi shi ne ƙarshe, da ya nuna ƙaramin gicciye a tafin hannun gawar Rodrigues. Endo ya bar zuciyar mutumin tsakaninsa da Allah, shi kuwa Scorsese ya buɗe mana ita don hankalinmu ya kwanta. Na fi ganin gaskiya a hanyar Endo.

A Arewa maso Gabashin Nijeriya wannan ba tsohon labari ba ne. Boko Haram ta kashe Musulmi da Kiristoci, kuma muna girmama ɗalibar Dapchi da aka ƙi saki a 2018 saboda ta ƙi barin addininta. Amma akwai waɗanda suka furta abin da aka tilasta musu don su rayu, suka kuɓuto daga daji, suka tarar ana nuna su da baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ikilisiyar farko ta fuskanci irin wannan bayan tsanantawar Sarki Decius a shekara ta 250, kuma taron da Bishop Cyprian ya jagoranta a Carthage a 251 ya buɗe wa waɗanda suka faɗi ƙofar dawowa ta hanyar tuba.

Ina roƙon fastoci, fada-fada da shugabannin zumuntar mata da ta matasa su nemi littafin nan su karanta kafin su kalli fim ɗin, sa'an nan su bincika ko a cikin ikilisiyarsu akwai wanda ya dawo daga hannun 'yan ta'adda ya daina zuwa sujada don kunya. In akwai, a je har gida a taho da shi.